Toktosun Tafi-da-Ƙafa

A ƙauyenmu idan mutum ya ce yana tsoron kerkeci, sai a ce mai hankali ne. Idan tsawa ce ke razana shi, a yi masa uzuri. Akwai matar da ba ta iya kallon ɓera ko da matacce ne, akwai tsohon sojan da allurar asibiti ke sa shi suma, duk ana yin dariya a wuce. Amma namiji mai gashin baki ya ce doki yake tsoro, wannan kam mutanenmu ba su san inda za su ajiye shi ba. Toktosun ɗan Mambet ya girma a cikinsu, ya yi furfura a cikinsu, kuma ba ranar da suka gaji da tuna masa.

Abin ya fara ne yana ɗan shekara shida. Ubansa Mambet makiyayin dawaki ne tun zamanin gonakin gwamnati, mutumin da ya riƙe ranar haihuwar kowace goɗiya amma sai ya tambayi matarsa shekarun 'ya'yansa. Wata safiya ya ɗora yaron a kan wani dukushi da bai gama horuwa ba. Kare ya yi haushi, dukushi ya zabura, yaro ya zame, ƙafarsa ta hagu ta shige likkafa ta maƙale. Haka aka ja shi a kan tsakuwa tun daga garke har bakin rafi. Da aka tare dukushin, Mambet ya iso a guje, ya durƙusa yana shafa ƙafafun dabbarsa ɗaya bayan ɗaya, sai da ya tabbatar ba ta yi targaɗe ba sannan ya waiwayo. Toktosun yana kwance, kunnensa ya kusa rabuwa da kansa, kuma idonsa biyu, ya ga abin da uban ya fara dubawa.

"Tashi ka hau," in ji Mambet. "Yanzu, tun jikinka bai yi sanyi ba."

Bai hau ba, ranar ko wata rana. An yi duka, an yi lallashi, an hana shi abinci. An kai shi wurin wata tsohuwa, ta narka dalma ta zuba a cikin kwanon ruwa a saman kansa don tsoron ya fita. Dalmar ta daskare, tsohuwar ta juya ta, ta ce ga siffar doki nan ta fito, an gama. Ba a gama komai ba, an dai yi asarar rago guda da aka biya ta.

Shi kansa Toktosun ya san abin ba ya kan hanya, kuma wannan ne ya fi cin ransa. Ya san tsohuwar goɗiyar maƙwabcinsa, wadda jikoki uku ke hawa a lokaci ɗaya, ba za ta yi masa komai ba. Amma da zarar ya ji warin gumin doki, ko ƙarar kofato a bayansa, sai miyau ya ƙafe a bakinsa, ƙafarsa ta hagu ta ɗauki zafi kamar har yanzu tana cikin ƙarfen nan. Idan ya hango mahayi a hanya, yakan tsallaka lambatu ya tsaya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Kowa ya gane dabarar, har yara suka mai da ita wasa. Su ne suka raɗa masa Tafi-da-Ƙafa, manya suka karɓa da murna, sunan ya bi shi har cikin masallaci.

Da ya kai shekara goma sha bakwai ya tattara ya tafi birnin Narin, ya koyi ginin murhun ɗumama ɗaki a wurin wani tsohon Bajamushe. Bayan shekara biyar ya dawo da cokalin gini da igiyar awo da hannun da ya san hanyar hayaƙi. A nan ne za ka ga halin mutanenmu. A ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofa wata biyar, ba gidan da zai kwana lafiya ba tare da murhu mai kyau ba, kuma ba wanda ya iya shi kamar Toktosun. Idan kaka ta zo, sai ka ga masu manyan dawaki suna sauka tun daga nesa, su ɗaure a jikin itace, su tako da ƙafa suna "Sannu da aiki, Usta," wato gwanin sana'a. Idan bazara ta dawo, ya koma Tafi-da-Ƙafa. Suna shan ɗumin hannunsa, kuma a gindin murhun da ya gina suke zama su yi ta ba da labarinsa suna ƙyalƙyala dariya.

Matarsa Burul ba ta taɓa yi masa dariya ba, amma kada a ɗauka tausayinsa take ji. Mace ce gajera mai kaifin baki, wadda ta aure shi a kan idon danginta, ta ce ta gaji da mazan da ke shigowa ɗaki da warin barga. Idan mata suka tsokane ta a wurin tatsar nono, takan ce nata mijin yana dawowa gida da haƙoransa cikakku. Idan ta koma gida kuma ta sauke masa kwandon a kansa.

"Yau ma na sha magana saboda kai. Ni na iya hawa, 'yarka ta iya hawa, har kazar gidan nan ta taɓa hawa bayan goɗiya. Kai wane irin mutum ne?"

"Irin wanda kika aura," yakan ce, ya ci gaba da shan shayinsa.

Babban maƙiyinsa kuwa ciki ɗaya suka fito. Kubat, yayansa, ya girme shi da shekara huɗu, shi ya gaji dawakin da muryar da tafiyar uban. Tun suna yara yake jin kunyar ƙanin, kunyar ta girma ta zama ƙiyayya, ƙiyayyar kuma ta zama abin nishaɗinsa. Yakan zo gidan Toktosun a kan baƙin ingarmansa akawal, ya tura kan dokin har cikin ƙofar tsakar gida, ya zauna a sama yana magana.

"Fito mana, ƙanena. Ko sai na aiko maka da ɗankwali?"

"Sauko ka shigo, Yaya, ga shayi."

"Ni ba na shan shayin mata biyu a gida ɗaya."

Toktosun yakan tsaya a bayan ƙofa, hannunsa a kan sakata, yana jin hucin dokin ta tsagar katako, yana tsine wa yayan a zuci, yana tsine wa kansa fiye da haka. Doki ɗaya ne kawai ba ya tsoro, wanda aka yanka aka zuba a faranti a kan taliya. Wannan kam yakan ci shi da wani irin zafin nama, har ana zunɗensa a wurin biki.

Mambet ya kai shekara tamanin da tara kafin ya kwanta. Da ya ga tafiya ta zo, ya sa aka tara masa dattawa da 'ya'yansa biyu, ya yi wasiyya a binne shi a tsohuwar maƙabartar kakanninsa da ke ƙetaren kogi. Shekara talatin ke nan ba a kai kowa can ba, ga sabuwar maƙabarta a bayan gari, mota ma tana zuwa. Da yake faɗin maganar, ba liman yake kallo ba, ba Kubat ba. Toktosun yake kallo, kuma Toktosun ya gane.

Ya cika a farkon watan Yuni, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa, kogi ya cika ya yi launin toka yana mirgina duwatsu a ƙasansa. A irin wannan lokaci ko tarakta ba ta shiga mashigin. Doki ne kawai ke ƙetarawa, ruwa har ƙirjinsa. Akwai gada, amma tana can sama, tafiyar sa'a uku a ƙafa, sannan sa'a biyu a gangaro ta ɗaya gefen.

A wurinmu kowane namiji yana zuba ƙasa cikin tafin hannunsa a kabarin nasa. Mutum zai taso daga Mosko, ya bar aikinsa, don wannan damƙin ƙasar kawai. Wanda bai zuba wa ubansa ba, har jikokinsa sai an goranta musu. Toktosun bai ƙaunaci Mambet ba, ba zai yi ƙarya ba ko a gaban gawa. Amma yana so ya tsaya a bakin ramin nan da ƙafafunsa, ya ɗebi ƙasa da hannunsa ya zuba. Abu ɗaya ke nan da ya rage tsakaninsa da tsohon, kuma ya ƙudura ba zai bar shi ya tafi da shi ba.

Matsalar ita ce ba shi da ikon yin sammako. An kafa bukkar ulu a tsakar gida, gawa a ciki, mata suna kuka sun juya fuska ga bango. 'Ya'ya maza kuwa dole su tsaya a waje, jingine da sanda, suna kuka da ƙarfi duk lokacin da masu ta'aziyya suka iso, har sai an fito da gawa an yi mata salla. Ɗan da ya bar jikin bukkar kafin nan, ya gudu ya bar ubansa ke nan. Kwana biyu Toktosun ya yi a tsaye a wurin, dawakin baƙi suna ɗaure taku ashirin daga inda yake, gumi yana bin bayansa duk da sanyin iska. Masu zuwa suna cewa kukansa ya fi na Kubat fitowa daga zuci, ba su san rabinsa na tsoro ba ne.

A safiyar rana ta uku, kafin a yi salla, ya ja yayansa gefe, a gaban dattijo Esenkul wanda shi ne babba a danginsu.

"Yaya, alfarma nake roƙo. Ana idar da salla zan kama hanyar gada. Ku da dawaki sa'a ɗaya ta ishe ku. Ku jira ni a can, kafin la'asar na iso."

"Mu jira ka."

"Sa'a huɗu kawai."

"Mutum arba'in su zauna a rana da gawa a gabansu, saboda ƙato ɗaya yana tsoron abin da 'yar shekara biyar ke hawa?"

"Kun jira ɗan gwaggo kwana biyu ya zo daga Mosko."

"Shi jirgi ya hau. Kai me za ka hau?" Kubat ya tofar da miyau a gefe. "Ka shiga bukka ka zauna da mata, su ma ba sa zuwa maƙabarta. Ba wanda zai ga baƙo a cikinsu."

Esenkul ya shafa gemunsa, ya ce a bar maganar, ba a tada murya a gidan mutuwa. Ya dubi Toktosun ya ce, "Kama hanyarka, ɗana. Za ka zuba ƙasarka, ni na faɗa." Toktosun ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu ya yi godiya. Bai ga kallon da ya wuce tsakanin dattijon da Kubat ba.

Aka yi salla da hantsi. Aka naɗe gawar a cikin shimfiɗar ulu, aka ɗora ta a kan wani ƙaƙƙarfan doki, mahayi a baya yana tallafe da ita. Toktosun ya karɓi ƙullin burodi daga hannun Burul, ya bi ta bayan gidaje ya fita gari da sauri. Bai yi tafiyar minti goma ba ya ji kofato a bayansa. Ya tsallaka lambatu yadda ya saba, ya sunkuya kan takalminsa. Amma wannan karon dawakin ba su wuce ba.

Mutum biyar ne, Kubat a gaba. Suka sauko ba tare da gaggawa ba.

"Yaya, me ye haka?"

"Taimako ne. Dattijo ya ce za ka zuba ƙasa, to za ka zuba."

"Ku bar ni in tafi. Na roƙe ku da girman Allah, ku bar ni in tafi da ƙafata."

"Riƙe masa hannu," in ji Kubat. "Shekara hamsin muna lallashi. Yau ɗaya idan ya ƙetare kogi a kan sirdi, shi ke nan ya warke, gobe da kansa zai zo yana gode mana."

Abin takaicin shi ne sun yarda da abin da suke faɗa. A wurinsu tsoron doki kamar ƙurji ne, a matse shi da ƙarfi sau ɗaya ya fashe. Ba wanda ya ɗauki kansa azzalumi a cikinsu, har wani yana ce masa, "Yi haƙuri, Usta, don kanka ake yi." Toktosun ya yi kokawa, mutumin da ya shekara kusan arba'in yana ɗaga bulo ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba, ya fasa wa ɗaya leɓe. Amma da suka kawo shi jikin akawal, warin ya bugi hancinsa, sai ƙarfin ya zube gaba ɗaya. Suka ɗaga shi kamar buhun sha'ir suka ɗora. Suka ɗaure ƙafafunsa da igiya ta ƙarƙashin cikin dokin, Kubat ya hau bayansa ya kama linzami.

Bai san yadda aka ƙetare kogin ba. Ya dai tuna ya kifa fuskarsa a wuyan dokin, ya cusa hannu biyu a cikin geza ya damƙe, yana jin naman dabbar yana motsi a ƙarƙashinsa. Ya tuna wani sauti yana fita daga bakinsa wanda bai san nasa ba ne. Ruwan ƙanƙara ya haura har cinyarsa, kuma ya gode wa Allah da wannan ruwan, don ya ɓoye abin da ya riga ya jiƙa masa wando tun kafin su shiga. Bai ɓoye duka ba. Kubat da ke bayansa ya sani, kuma Kubat ba mai riƙe magana ba ne.

A maƙabarta suka kwance igiyar, amma suka kasa raba hannunsa da gezar. Yatsun sun ƙage kamar na gawa. Aka ja, aka murza, aka yi masa magana a kunne, a banza. Daga ƙarshe wani ya ciro wuƙa ya yanke gashin, aka sauko da shi da guntun geza a kowane hannu. Mutum biyu suka riƙe shi a tsaye. Yana ganin liman yana motsa baki, yana ganin an saukar da ubansa, amma kamar ta cikin ruwa yake kallo.

Da aka zo zuba ƙasa, Kubat ya fara, ya zuba tasa. Sannan ya juyo ya kama wuyan hannun ƙaninsa na dama, ya ɓamɓare yatsu biyu da ƙyar, ya ɗebi ƙasa ya cusa a ciki. Ya ja hannun zuwa bakin ramin, ya juya shi, ya girgiza. Ƙasar ta zuba tare da baƙin gashin doki.

"Shi ke nan, ya zuba," in ji Esenkul. "Kowa ya shaida."

Aka ce an shaida. Aka sa shebur, cikin ɗan lokaci rami ya cika.

Da za a koma, Kubat ya jawo akawal ya ce, "To, jarumi, yanzu da kanka za ka hau ko?" Toktosun yana zaune a ƙasa, ya ɗago ya dube shi. Ban san abin da ke cikin idon nan ba, amma mutum biyar ɗin nan ba wanda ya sake matsowa. Suka hau suka bar shi. Ya zauna har yatsunsa suka saki, ya karkaɗe gashin, ya tashi ya kama hanyar gada. Rana tana faɗuwa ya shigo gida. Burul ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗora masa ruwa a wuta.

Kafin sadakar arba'in labari ya gama gari, kuma ya canja kama. Yanzu cewa ake Kubat ya yi abin da ya gagari Mambet, ya ɗora Tafi-da-Ƙafa a kan doki, ya fitar da gidansu kunya. Ranar sadakar an cika ɗaki, an ci nama an ƙoshi, Esenkul ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yabi mamaci, ya yabi Kubat, sannan ya juyo.

"Toktosun, ɗana, tashi ka gode wa yayanka a gaban jama'a. Ba don shi ba, da yau kana cikin waɗanda ba su zuba wa ubansu ƙasa ba."

Toktosun ya ajiye kofin shayinsa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Baba Esenkul, na roƙe ku sa'a huɗu, ka ce in kama hanya. Da kun bar ni, da na iso. Ƙasar da kuka gani, Kubat ne ya ɗebe ta, Kubat ne ya zuba, hannuna shebur kawai ya yi masa. Mambet 'ya'ya biyu ya bari, amma ɗaya ne ya binne shi, sau biyu. Ni ban binne ubana ba. Ku kuka hana ni, kuma ban yafe ba."

Wani daga can baya ya fashe da dariya, yana zaton raha ce, sai ya ga ba mai taya shi. Kubat ya ce, "Ka ji butulu." Toktosun ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane ya fita, ya ɗauki takalminsa a bakin ƙofa. Dawakin baƙi suna ɗaure a jikin shinge, ya zagaya ta bayan gida kamar kullum.

Shekara bakwai ke nan. Bai warke ba, abin ma ƙaruwa ya yi, yanzu ko haniniya ya ji daga nesa sai ya nemi bango ya dafa. Shi da Kubat ba sa ga-maciji, idan suka haɗu a masallaci kowa da sahunsa. Mutanen gari har gobe sun tsaya a kan cewa alheri aka yi masa bai gode ba.

Idan kaka ta yi, kogin yakan janye har yara su ƙetare shi ruwa iya gwiwa. Dangi sukan je su ziyarci Mambet, an ma gina masa hubbare na jan bulo. Toktosun bai taɓa zuwa ba. Bara Burul ta gaji ta yi masa magana, ta ce ga ruwa ya janye, ba doki ba igiya, ya taka da ƙafarsa ya je ya zuba ƙasar nan ya huta, ita ma ta huta.

Ya dubi tafin hannunsa ya amsa.

"In je in zuba a ina? An rufe."